Aron lasisin kwamfutar 'yata

Shekarun baya, lokacin gemuna bai gama fari ba, na tafka wata ɓarna da har yau in na tuna sai in ji gumi a ƙarƙashin hulata. Ni manomin gyaɗa ne a Gaya, ina ɗan taɓa saye da sayarwa in kaka ta yi. Boko kuwa aji uku na yi, shi ma rabinsa a kan mangwaron bayan makaranta na yi shi. Ina gane lamba, ina iya sa hannu, in an rubuta sunana da manyan baƙaƙe ba ya wuce ni. Iyakata ke nan. Wannan da kuke karantawa ma faɗa nake yi ana rubutawa.

'Yata ta fari ita ce mai karatun gidanmu. Ta gama kwalejin horar da malamai, ta yi aure, Allah ya yi wa mijinta rasuwa, ta dawo gida da yara biyu. Da ta fita takaba sai ta ce min ita ba za ta iya zaman jiran a ba ta ba. Ta iya kwamfuta, tana so ta buɗe ɗan shagon buga takardu, irin su wasiƙu da katin biki da takardun makaranta. Na fito da gyaɗar da na ɓoye ina jiran ta yi tsada, na sayar. Muka kama shago a bakin hanya, muka sayi kwamfuta ta hannu, da injin bugawa, da ƙaramin janareta. Na ɗauka an gama. Sai ta ce saura manhaja, wato abin da ake zuba wa kwamfutar don ta iya tsara rubutu, kuma ita ma sai da lasisi. Na tambaye ta ko kwamfutar za ta hau titi ne da ake nema mata lasisi. Ba ta yi dariya ba.

Muka shiga bas muka tafi Kano. Tun kafin mu kai shagon da aka kwatanta mata, wani ya ja min hannun riga ya ce zai zuba mana komai da komai a kuɗin da bai wuce na kwanon abinci ba. Wallahi nan take na ji mutumin ya kwanta min. 'Yata ta ce wannan ta sata ce, kowace rana tana iya mutuwa ko ta jawo wa kwamfuta cuta, kuma ita da marayu za ta ci abin da shagon ya kawo, ba ta so ya gauraya. Na sake shi ina waiwaye.

Mai shagon da muka je wani dattijo ne mai tabarau, mai haƙuri. Ya ce akwai wadda ake biya duk wata, in ka daina biya ta daina aiki. Na ce haya ke nan, ni kuwa ubana bai taɓa hayar gona ba. Ya ce akwai ta kyauta. Na ce abin da aka ce kyauta ne a cikin birnin Kano tsoronsa nake ji. 'Yata ta ce ta kyautar ba ta da laifi, sai dai malaman makaranta da wata manhajar suke turo aikinsu, in aka buɗe a ta kyauta jerin yakan wargaje, ita kuwa aikin makarantu take hange. Saura wadda ake saye gaba ɗaya. Ita ma iri biyu ce, ta kwamfuta ɗaya da ta kwamfutoci da yawa, ta biyun ta fi tsada nesa ba kusa ba. 'Yata ta danna wayarta ta yi lissafi, ta ce tunda kullum za ta yi aiki da ita, saye ya fi mana sauƙi a kan haya, kuma kwamfuta ɗaya gare mu. Na yi ciniki har na gaji, na miƙe kamar zan tafi, na dawo. Mutumin ya ce kuɗin ba shi ya yanka ba.

Ya zuba mata abin, sannan ya miƙo wani ɗan kati mai doguwar lamba, baƙaƙe da alƙaluma a cakuɗe. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, “Alhaji, ta kwamfuta ɗaya ce. Kada lambar nan ta shiga wata.”

Ni da ko filin jirgi ban taɓa leƙawa ba, an kira ni Alhaji, sai kaina ya kumbura. Na gyaɗa masa kai irin yadda nake gyaɗa wa mai taki in yana faɗa min buhu ɗaya na fili kaza ne. Maganar 'yan kasuwa ce, a ganina. Na ce tunda ni na biya ni zan ajiye katin, na cusa shi a cikin hula, inda nake ajiye duk takardar da ke da daraja.

To, ina da aboki a Ajingi. Bafulatani ne da ya daɗe da zama ya kama noma, ni kuma kakana Babarbare ne, saboda haka tun muna samari muke zagin juna ba wanda ya taɓa fushi. Shi yana cewa ni bawansa ne, ni ina cewa kakana ne ya sayi kakansa. Shekarar da bijimin huɗata ya mutu ana tsakiyar faɗuwar damina, mutumin nan da ƙafa ya koro shanun huɗarsa har Gaya, ya bar min su na gama gonata, alhali tasa ko rabi bai yi ba. Tsakanina da shi babu abin da ba ya tafiya aro. Garma, famfon feshi, amalanke, har babbar riga in ɗayanmu zai je ɗaurin aure.

Wata rana ya zo min ziyara ya tarar da ni a majalisa ina cika baki, ina faɗa wa mutane na sayi lasisi na har abada, ba irin na masu haya ba. Da muka keɓe sai ya ce ai babban ɗansa, magidanci mai iyali, shi ma ya kafa tebur da kwamfuta kusa da kasuwar Ajingi, an ba shi aikin katin biki, amma abin cikin kwamfutarsa ya mutu. In ara musu nawa na 'yan kwanaki.

Ba zan yi muku ƙarya ba, na tuna mai tabarau. Amma da wane baki zan dubi mutumin da ya koro min shanu in ce masa kwamfuta ɗaya? Kuma na yi nawa tunanin na manoma. Abin ai ya riga ya shiga kwamfutarmu yana aiki. Katin yana zaune a hula ba ya tsinana komai, kamar garmar da aka jingine bayan huɗa. Na cire hula na miƙa masa katin. Ban faɗa wa 'yata ba, don na san me za ta ce, kuma ba na son ji.

A daidai lokacin ne babban aiki ya zo mata. Wani hedimasta daga wajen Kademi, shi ke haɗa jarrabawar ƙarshen zango ta wasu makarantun al'umma, da can birni yake kai bugun. Ya ce zai gwada ta sau ɗaya. Bai ɓoye mana ba, ya ce an faɗa masa shagon mace ba ya riƙe sirri, kuma ba za ta gama a kan lokaci ba. Sharaɗinsa biyu: tambayoyin kada su bar kwamfutarta, kada idon kowa ya gan su, kuma ya zo ya ɗauka ana gobe jarrabawa da la'asar. In ta cika, aikin makarantun nan nata ne duk zango. In ta kasa, ba sai an faɗa ba, labarin zai riga ta isa kasuwa. Ranar da ya tafi na ga 'yata ta yi murmushin da rabona da ganinsa tun mijinta na da rai.

Saura kwana biyu ya zo ɗauka, ta ci fiye da rabin aikin. Ina kan benci a ƙofar shago ina ɓare gyaɗa, ta haɗa kwamfutar da intanet don ta karɓi ragowar tambayoyin. Sai na ji shiru. Ƙarar dannawar da nake ji tun safe ta tsaya. Can ta ce, “Baba, zo ka gani.”

Wani jan rubutu ne ya fito a fuskar kwamfutar. Ban iya karanta shi ba, amma cikina ya karanta. Ta ce yana cewa an mayar da lasisin kan wata kwamfuta. Tana ganin aikinta, amma ba ta iya ƙara ko harafi, ba ta iya bugawa. Ta tambaye ni ina katin. Hannuna ya tafi kan hula da kansa, na yi maza na mayar da abin susa. Na ce yana gida a cikin adaka.

Ta yarda. Wannan ne ya fi ci min rai, ko kallona ba ta sake yi ba. Ta ce to lalle mutumin Kano ya sayar da lamba ɗaya ga mutum biyu. Ta shiga kiran wayarsa, ba ta shiga. Allah ya yafe min, duk kiran da ya ƙi shiga sai na yi hamdala a zuci. Na ce mata me zai hana a kwashe aikin a kai wani shagon. Ta ce ta yi alkawari tambayoyin ba za su fita ba, kuma mai ɗaya shagon da ke garin, 'ya'yan ƙanensa a makarantun nan suke karatu. Ana haka sai ga hedimasta a kan babur, wai hanya ce ta biyo da shi. Ta fito ta ce masa aiki na tafiya. Ni kuwa na cika shi da gaisuwa da tambayar amfanin gona har ya gaji ya tafi. Ranar ko rabin tuwona ban ci ba. Maiɗakina ta tambaya ko zazzaɓi ne, na ce alamarsa ce.

Washegari da sassafe na ce zan je gaisuwa Ajingi. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san nauyin abin da zan je yi. Ba a bin aro. Mai aro shi ke dawo da kaya in ya gama, in ka bi shi kamar ka ce ba ka yarda da shi ba ne. A kan acaɓa ina ta shirya magana ina rushewa.

Ya shimfiɗa min tabarma, aka kawo fura da nono. Na tambayi shanu, na tambayi iyali, na tambayi maƙwabta, na sake komawa kan shanu. Ya bar ni na yi ta yi, sannan ya ce, “Kai Babarbare, tun ɗazu kake zagaye kamar akuya a turke. Me ka zo karɓa?”

Na sunkuyar da kai na faɗa. Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce don wannan 'yar takardar na ƙona mai? Ai tun ranar farko ɗansa ya gama da ita ya ba shi ajiya. Ya shiga ɗaki ya fito da katin, ya haɗo min da ɗan kwanon man shanu, don a wajensa ba a mayar da aro hannu sake. Ɗan nasa ba ya nan, ya je wani ƙauye. Mu biyu muka dubi katin, ba tsagewa, ba gogewa, muka tabbatar wa juna kaya ya dawo lafiya. Tsofaffi biyu, babu mai aji huɗu a cikinmu. Na sa kati da kwano a aljihu ɗaya na kamo hanya, har ina yi wa ɗan acaɓa waƙa.

Na shiga shago ina faɗin ga shi, na tono shi daga ƙasan adaka. Ta karɓa ta juya shi. Gefensa ya jiƙe da maiƙo. Ta kai hanci ta shinshina. Ta zauna ta shigar da lambar. Jan rubutun ya sake fitowa. Ta ce yana cewa lasisin na nan a kan waccan kwamfutar, sai an sake shi daga can.

Sannan ta juyo ta ce ta samu mutumin Kano bayan fitata. Ya duba, ya faɗa mata ranar da lambar ta shiga wata kwamfuta, ya tambaye ta wa ke riƙe da katin. Ta ɗaga katin sama ta ce, “Baba, yaushe adakar gidanmu ta fara kaɗa man shanu?”

Na zauna a kan bencin da ba a ce in zauna ba, na faɗa mata komai, har da shanun huɗa. Na so ta yi faɗa, da na samu abin kamawa. Ba ta yi ba. Ta dubi tarin farar takardar da ta saya don aikin, ta ce a hankali, “Ba kati ka ba da aro ba, Baba. Shagon ka bayar.”

Ta sake kiran mai tabarau ta buɗe murya don in ji da kunnena. Ya ce abin na iya dawowa in an sake shi daga waccan kwamfutar, amma masu manhajar ba sa barin a yi ta yawo da lamba, wannan ce damar ƙarshe. In aka yi kuskure a tsakani lambar za ta kulle, sai dai a sayi sabuwa. Sabuwa da me? Gyaɗa ta riga ta tafi. Ya ƙara da cewa a gaida Alhaji. Wannan karon kaina bai kumbura ba.

Bayan azahar muka hau adaidaita mu biyu, na koma Ajingi karo na biyu a yini ɗaya. Duk hanya tana ta duba rana. Ni kuma ina lissafin abin da zai iya lalacewa: a tarar ɗan bai dawo ba, a tarar ya tafi da kwamfutar, a tarar babu wuta.

Mun same shi ya dawo. Da ya ji bayani kunya ta kama shi, ya ce ubansa ya faɗa masa lamba ce ta gida, kowa na iya sawa. Amma katin bikin da yake yi bai gama ba, in ya saki lasisin nasa aikin ne zai tsaya. Aka yi cirko-cirko. Abokina ne ya katse, ya ce wa ɗansa ya saki, ko da kuwa za a ɗaura auren nan ba kati. 'Yata ta ce ba za a kai ga haka ba. Ta duba aikinsa ta ce wannan manhajar kyauta ma za ta yi shi, tunda shi ba ya karɓar aiki daga malamai. In kuma wani wata aiki ya yi masa yawa, ya biya ta wata-wata na wannan watan kaɗai ya huta. Abokina ya ce to ai hayar tarakta ke nan, ba wanda ke sayen tarakta don 'yar gonar bayan gida. Ya harare ni ya ce sai Babarbare.

Sai kuma intanet ta ƙi. A cikin gida ba ta kamawa ko kaɗan. Muka ɗauki kwamfutar, Allah ya sa irin ta ninkewa ce, muka fita bayan gari kan wani tudu inda aka ce nan take zama. Ni ke riƙe da wayar da ke ba kwamfutar intanet, na ɗaga ta sama kamar mai kiran kaji, su suna tsugune. Wani ɗan layi ya fito yana rarrafe, in ya cika an saki. Ya je tsakiya ya tsaya. Ɗan abokina ya ce cajin ya kusa ƙarewa. Na tuna maganar kuskure a tsakani, na fara juya wayar nan da can, 'yata ta ce in tsaya cak. Duk addu'ar da na sani na karanta, har ta shiga kasuwa da ta hawa abin hawa. Ban san iya lokacin da muka ɗauka ba. Na dai ji ta sauke numfashi ta ce ya saki.

Ta tsaya ta zuba masa ta kyautar, ta nuna masa yadda zai ci gaba, duk da ina ta yi mata nuni da rana. Muka iso Gaya gab da magariba. Ta tayar da janareta ta zauna za ta shigar da lambar. Ban iya shiga ba. Na tsaya a waje na juya wa ƙofar baya, ina kallon masu wucewa kamar ba abin da ya dame ni. Can sai na ji injin bugawa ya ja takarda. Na zauna a ƙasa, ga benci a kusa.

Kwana ɗaya da rabi ya riga ya salwanta, saboda haka washegari tun bayan asuba take kan kujera. Ni na zama ɗan aike, in sayo mai, in kawo ruwa. Da rana ta take ga aiki jibge ba mai haɗa shafuka, ga alkawarin ido ba zai gani ba. Ta dube ni, ta dubi takardun, ta miƙo min abin maƙalewa. Ta ce in bi lambar ƙasan shafi kawai. Hedimasta ya iso da la'asar ya tarar da ni zaune a tsakiyar jarrabawarsa ina haɗa ajin ƙarshe. Fuskarsa ta canza, ya ce ba haka aka yi da shi ba. 'Yata ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, “Ranka ya daɗe, Baba bai iya karatu ba.”

Ya ɗauki shafi ɗaya ya miƙo min ya ce in karanta. Na riƙe shi a kife, ba da gangan ba. Ya yi dariya har ya cire hula. Tun da aka haife ni ranar ce mangwaron bayan makaranta ya fara yi min amfani. Ya duba aikin aji-aji, ya ɗaure a bayan babur. Zangon da ya biyo baya shi da kansa ya kawo wasu makarantun biyu.

Yanzu shagon na da kwamfuta uku, kuma da ta zo ƙarawa ita ta je Kano ta zaɓi lasisin da ya dace, ba ta neme ni ba, ni ma ban nemi a neme ni ba. Abin da na fahimta a tsufana shi ne, arha ba a kan kuɗin da aka faɗa maka take ba, a kan irin aikinka take. Abin da ya yi wa 'yata sauƙi da ɗan abokina ya saya da asara ya yi. Na kuma gane akwai abin da za ka biya kuɗinsa amma izini kawai aka sayar maka, kuma izini ba ya tafiya aro. Ba zan ce abin ya kwanta min ba. Har gobe ina jin wani iri a ce mutum ya mallaki abu amma ba zai iya miƙa wa amininsa ba. Sai dai ba kayana na miƙa ba ranar nan, abincin marayu ne, kuma na haɗa da ƙarya. Wannan ne in na tuna nake jin gumin.

Katin yana wajenta, ban san ma inda ta ajiye ba. Hulata ba komai a ciki sai kaina.

Abokina kuwa bai bar maganar ta mutu ba. Daminar da ta biyo baya na aika a aro min shanun huɗarsa kamar kullum. Suka iso da wata 'yar takarda ɗaure a ƙahon babban. Na san shi ma bai iya rubutu ba, sawa ya yi aka rubuta masa. Na kai wa 'yata shago. Ta warware, ta karanta a zuci, ta kifa kai a kan tebur tana ta dariya. Da ƙyar ta iya faɗa min abin da ke ciki.

“Alhaji, na gona ɗaya ne. Kada su shiga wata.”